A Sansana Kafin a Wanke

Ranar da kuka kawo gangunan sharar nan masu launi uku kuka jera su a bakin ɗakunan kwanan 'yan mata, ina tsaye da tsintsiyata ina kallonku. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara da shekaru ina tonon gorar ruwa daga cikin ragowar shinkafa da tsefaffen gashi da abin da baki ba ya faɗa, yau ga 'yan jami'a sun ware mini gora a ganga guda ita kaɗai. Sai dai da na ji doguwar nan taku mai tabarau tana cewa ai aikin ba wuya, a tara, a wanke da sabulu, a raba wa mata masu zoɓo kyauta, sai gabana ya faɗi. Niyyar mai kyau ce. Amma an tsallake abu guda tsakanin tarawa da wankewa, kuma abin nan da aka tsallake shi ne sana'ar. Shi ya sa na ce ku zo ku zauna a gindin itacen dogon yaron nan, inda nake baje kayana, in ba ku labari.

Sunana Kulu, 'yar Ambursa ce ni. A wurin hukumar makaranta mai shara ce, kuma ina sharar, amma in kun shiga unguwar Badariya kuka tambayi mata wace ce Inna Kulu, mai gora za su ce muku. Gorar da ɗalibi ya sha ruwa ko lemo ya yar, ita nake tsinta in mayar da ita hannun mai zoɓo da mai kunun aya, su cika su sayar. Kenan abin da na saki daga hannuna, bakin mutum yake komawa. Ku riƙe wannan.

Ba a nan na koya ba, a Argungu ne. Bayan rasuwar maigidana na koma wurin Gwoggo Tumba, yayar mahaifina, wadda ke bin gidaje tana sayen kwalabe tana sayar wa masu man gyaɗa da man shanu. Lokacin gorar roba ba ta yi yawa ba. Gajeriyar mace ce, ga faɗa kamar ta ari baki. Ba ta shafa turare, ba ta yarda a kunna turaren wuta a ɗakin da take aje kwalabe, ko a gidan biki in an zagayo da kasko sai ta kauda kai. Matan unguwa suna cewa rowa ce ta hana ta sayen turare. Ni ma haka na ɗauka, har sai da na fara aiki a ƙarƙashinta.

Aikin farko da ta ba ni, kwandon kwalabe ne da ta sayo daga wani gida kusa da kasuwa. Ta aje mini ta fita gaisuwar rashin lafiya. Ni kuwa ina son in burge ta, na ɗebo ruwa, na kaɗa sabulu, na wanke su har suna ɗaukar ido, na kife su a kan tabarma. Da ta dawo ta tsaya a kansu, ta dube su, ta dube ni.

"Wa yac ce ki wanke su?"

Na ce, "Gwoggo, ai datti nig gani."

"Dattin nan shi ka gaya maki abin da anka zuba ciki. Yanzu kin toshe mashi baki da sabulu."

Ta sa na shanya su a rana kwana da kwanaki har ƙamshin sabulun ya fita, sannan ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya da hanci. Ta ware guda biyu ta miƙo mini. Sai da na natsu sosai na jiyo shi can ƙasa, warin kananzir. Da an zuba man gyaɗa a cikinsu, da wata ta yi miya da shi ta ba 'ya'yanta. Tun ranar na haddace dokar Gwoggo: a sansana kafin a wanke. Ido kallon kitse yake yi wa rogo, kwalba mai sheƙi ba ita ce mai lafiya ba.

Sansanar ma da yadda ake yi. Ba a cusa hanci a bakin gora kamar mai shan fura. Riƙe ta ake yi nesa da fuska, a cire murfi, a matsa cikinta a hankali, iskar da ta fito ta iso ki da kanta. In abin ciki mugu ne, kaɗan ɗin da ya iso ya ishe ki. Gwoggo ta koya mini sunan kowane wari kamar yadda ake koya wa yaro sunayen dangi. Ga tsamin lemon da ya kwana biyu, wannan ba komai. Ga ƙarnin madara, yana fita amma sai an sha wuya. Ga zarni, wanda ba sai na gaya muku daga ina yake zuwa ba, ku da kuke ƙyuyar fita banɗaki in ana ruwan sama. Ga fetur, ga kananzir, ga baƙin mai. Sai kuma uban gayyar, maganin feshi, mai wani ɗaci-ɗaci da ke kama maƙogwaro kafin ya kama hanci.

Da zan baro Argungu, bayan an samar mini aikin shara a nan, Gwoggo ta ba ni basillarta. Irin ta ɗinkin buhu ce, amma ta sa maƙeri ya kafa ta a ƙotar icce, ƙotar har ta yi baƙi ta yi santsi saboda hannu. Ga ta nan, ku gani, amma ku bar ta inda take. A lokacin roba ta fara korar kwalba, kuma Gwoggo ta gane wani abu da wuri. Kwalba in ta ɓaci fasa ta ake yi. Gora kuwa in kin jefar, wani zai tsinta a bayanki ya ɗauraye ya sayar. Don haka gorar da hanci ya ƙi, ba a jefar da ita da ranta, sai an huda ta sama da ƙasa yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba. Ta ce mini basilla ba a ba da aronta, don wanda bai san abin da yake hudawa ba zai huda mai kyau ya bar mugu.

Makarantar nan kowane lungu da irin gorarsa. Ta ɗakunan 'yan mata ta fi kowace kyau, ruwa da lemo ne yawanci, sai dai wata sa'a man kitso. Ta bakin kantin abinci maiƙo gare ta. Ta bakin ƙofa, inda 'yan kabu-kabu ke tsayawa da baburansu suna jiran fasinja, rabinta fetur ta sha. Ta bayan ɗakin gwaje-gwaje ba na ma ɓata hancina, basilla ce kai tsaye. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce ta wajen gonakin bayan makaranta. Manomanmu ba kowa ke iya sayen maganin feshi galan guda ba, sai mai shago ya auna masa kaɗan a gorar lemo. Ya gama feshi ya wurga ta gefen hanya, iska ta gangaro da ita har cikin kwatar makaranta, ta kwanta kusa da 'yan uwanta kamar ba ta san komai ba.

Akwai wata daminar da na tsinto irinta a kwalbatin da ke bayan masallaci. Sabuwa ful, takardar lemon ma ba ta ɓare ba. Na matsa ta, maƙogwarona ya kama. Na zuba mata ɗan ruwa don in tabbatar, ruwan ya koma fari kamar nono. Na huda ta, na wanke hannu da toka, sai na zauna ina tunanin yaron da zai ɗaga ta ya kafa baki da tsakar rana yana jin ƙishi. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Bayan hanci ya gama aikinsa sai rabo. Masu lafiya sosai na masu abin sha ne. Masu maiƙo na masu sabulun ruwa ne da masu man ja. Akwai masuntan Argungu da ke zuwa su kwashi waɗanda suka lotse amma ba su sha mugun abu ba, su ɗaura wa raga su riƙa yi musu alama a kan ruwa. Waɗanda aka huda kuwa, mai injin niƙa roba ne ke ɗauka a buhu, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani a gare ni. Wanki shi ne na ƙarshe. Ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba, don zafi yana tamke gora ta koma kamar fuskar tsohuwa irina. A zuba 'yar tsakuwa a girgiza, a bi wuyan da soso a kan waya, a wanke murfi daban don a zaren murfi datti ke ɓuya, a kife kowace a kan kara ta tsane. In kika rufe ta da laima a ciki, kwana biyu ta yi warin rima, kin yi aikin banza.

Babbar mai sayen gorata ita ce Maman Rahila. 'Yar Filato ce, Kirista, aikin kanikanci ya kawo mijinta Birnin Kebbi suka zauna a Badariya. Zoɓo da kunun aya take yi, tana sayarwa a ƙofar wata firamare. Mace ce ƙatuwa mai dariya da ƙarfi, kuma duk inda ta wuce sai an san ta wuce saboda turare. Da can a hannun kowa take sayen gora, har ranar da kununta duka ya ɗauki warin fetur ta zubar da shi a kwata tana kuka. Wata maƙwabciyarta ta nuna mata ni. Tun daga nan, gorar da ta fito daga hannuna ba ta dubawa. Ɗauraya ɗaya take yi ta cika. Na sha ce mata ta riƙa sansanawa ita ma, sai ta ce in za ta yi aikin da kanta, mene ne amfanina? 'Ya'yan mutane suna sha, autarta ma a makarantar take, ita ma tana sha.

To, sai ga mummunar shekara. Aka rufe jami'a wata da watanni, ɗakunan kwana suka zama kufai, ciyawa ta fito har bakin taga. Ba ɗalibi, ba gora. Firamaren Maman Rahila ma an rufe ta wani lokaci. Na koma fadamar Zauro ina taya yayana aikin shinkafa, sai ruwa ya zo ya wuce iyakarsa, muka yi ta shiga cikinsa har ƙugu muna ƙwatar abin da za a iya ƙwata. Daga nan zazzaɓi da mura suka kwantar da ni. Na tashi, alhamdu lillahi, na ɗauka komai ya wuce.

Wata rana ina tuƙa tuwo, na koma gefe ina tsince ganye, sai maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko gobara ake yi a gidanmu. Na waiga, tukunya tana hayaƙi baƙi ƙirin, ni kuwa ina zaune dab da ita ban ji ƙauri ba. Na ɗauko daddawa na kai hanci, shiru. Na ɗauko kwalbar kananzir, abin da Gwoggo ta fara koya mini da shi, na yi abin da ta hana, na cusa hanci a bakin. Kamar ruwan randa. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko da ruwa ya kai mini ƙugu. Likitan asibitin makaranta, da aka buɗe, ya duba ni da kyau ya ce yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, in yi haƙuri.

Ɗalibai suka dawo, gora ta dawo kamar an yi ruwanta. Na tara buhu-buhu a gindin itacen nan, na zauna a gabansu, ban san ta inda zan fara ba. Yayana da ya kawo mini 'yar shinkafar da ta tsira ya ga halin da nake ciki. Shi ma shekarar ta ci shi, ba zan ga laifinsa ba. Ya ce in dai wanke su da kyau in sayar, ai ina da ido, kuma wa za shi sani? Gaskiya ne, ba wanda zai sani. Maman Rahila ba ta dubawa. Abin da ya sa maganar tasa ta fi ba ni tsoro kenan.

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Na ɗauki basilla na bi gorunan nan gaba ɗaya, mai kyau da mara kyau, ina hudawa. Wasu ina gani na san ruwa ne kawai suka taɓa riƙewa, amma sanin ido ne, kuma ba da ido aka san ni ba. Mai injin niƙa ya yi ta murna, ni ina kallon abincina yana tafiya a buhu. Maman Rahila ta yi ta kiran wayata ina ƙin ɗauka, don ban san bakin da zan gaya mata da shi ba. Mai gora ba hanci, ai sunan sana'ar ya ƙare.

Ran nan da hantsi sai ga Maman Rahila a bayan ɗan kabu-kabu, ta sauko tana gyara ɗankwali, fuska a murtuke. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba.

"Mama Kulu, me na yi miki? Ko kin samu wata mai zoɓo ne kika yar da ni?"

Kafin in amsa ta hango tulin gorunan da na huda. Ta ɗauki ɗaya ta ɗaga ta a rana, ta juya ta.

"Wannan ai lafiyarta ƙalau. Me ya sa kika kashe ta?"

Na ce, "Ban san lahiyatta ba, Maman Rahila. Hancina ya mutu."

Da farko dariya ta yi, ta ɗauka zolaya ce. Da ta ga ban yi ba, sai ta kamo bakin mayafinta ta kawo mini dab da fuska, mayafin da a da tun daga bakin ƙofar makaranta nake sanin ya iso. Na girgiza kai. Ta zauna a kan buhu. Na ce mata ta yafe ni, ta nemi sabuwar gora a kasuwa. Ta ce in ta sayi sabuwa, yaran firamare ba za su iya sayen kununta ba, in kuma ta koma hannun duk wanda ta samu, ba za ta iya barci ba. Ita ma watannin nan sun cinye ɗan jarinta, wannan zangon karatun shi ne tashinta ko faɗuwarta.

Can sai ta taɓa hancinta. Faffaɗa ne, masha Allahu, ya cika fuska.

"Wannan abin da maigidana yake tsokanata da shi tun muna saurayi da budurwa, yau ya samu aiki. Ki koya masa."

Na ce mata ba a kwana ɗaya ake koya ba. Ta ce ai ba ta da inda za ta. Na ce to akwai sharaɗi, sai ta bar turare. Nan fa aka yi ta. Ta ce in cire mata zoɓo daga sana'a ya fi sauƙi. Ta ce ta yaya za ta shiga coci ranar Lahadi kamar wadda ta fito daga gona? Muka yi ta ja har muka daidaita: ta shafa ranar Lahadi, Litinin hancin ya huta, sauran ranaku in an tashi firamare ta zo nan ba ƙamshin komai a jikinta.

Koya wa mutum wari alhali kai ba ka ji, aiki ne da ban yi wa maƙiyina fata ba. Gwoggo takan ji ta miƙo mini. Ni kuwa sai dai in kwatanta da baki, in ce yana kama maƙogwaro, ta ce ai yaji ma yana kamawa. Da na ga baki ba zai yi ba, sai na riƙa kai ta wurin warin da kansa. Muka je wurin masu sayar da fetur a galan, muka je garejin mijinta. Lokacin feshi na kai ta Zauro, yayana ya fito mana da gorunan da ya gama da su, na tsayar da ita nesa, na matsa mata ɗaya iska ta kai mata. Ta yi tari, ido ya kawo ruwa, ta ce yanzu ta gane. Muka je wurin mai fiya-fiya, maganin sauro da kuɗin cizon nan da ake haɗawa a sayar a kwalba. Makonnin farko komai ta sansana sai ta ce lemo ne. Da ta dawo daga Zauro kuma komai ya zama guba, har gorar da na sha ruwa da ita da safe ta so a huda. Na yi mata faɗa irin na Gwoggo, ta rama, don ita ba yarinya ba ce. A hankali hancin ya natsu. Ni ina rabo da ido da sanin inda kowace ta fito, ita tana bi da hanci, basilla tana hannuna. Wadda ta yi kokwanto, ni nake yanke hukunci.

Ranar da nake son ku ji labarinta, buhun ɗakunan 'yan mata muke yi, mafi sauƙin buhu. Na ɗauko wata gorar ruwa, fes da ita, har da ɗigon ruwa a ciki, murfinta ba tabo, gindinta bai yi hazo ba. Da hannuna na aje ta a tulin masu abin sha. Maman Rahila ta ɗauka, ta matsa, ta aje. Har ta kai hannu ga ta gaba sai ta dawo ta sake ɗaukarta. Ta rufe ido ta matsa a hankali. Ta daɗe.

"Mama Kulu, ba ni basillar."

Na ce mata gorar ruwa ta, daga ɗakin 'yan mata, ba ta ga ruwan a ciki ba?

"Na gani. Akwai abu a bayan ruwan. Ba ni."

Tun da Gwoggo Tumba ta damƙa mini basillar nan, hannun wani bai riƙe ta ba, ko na 'ya'yan cikina. Na dubi gorar, idona yana ce mini lafiya lau. Na dubi matar nan, ba dariya a fuskarta ko kaɗan. Na miƙa mata ta ƙota. Ta huda gorar sama da ƙasa.

Ba mu tashi daga wurin ba sai ga wata ɗaliba ta zo zubar da shara, 'yar siririya mai kunya. Na nuna mata gorar na tambaye ta ko ta san daga wane ɗaki ta fito. Ta ce nasu ne. Kuɗin cizo ne ya dame su bayan dogon hutun nan, suka sayo fiya-fiya aka zuba musu a ciki. Ta ce amma kada in damu, ta san ina tsintar gora, shi ya sa ta ɗauraye ta sosai da sabulu kafin ta jefar, don kada ta cutar da ni. Ban yi mata faɗa ba. Alheri ta yi nufi, kuma abin da ta yi shi ne daidai abin da na yi da kwandon Gwoggo a Argungu. Na yi mata godiya, na roƙe ta nan gaba ta bar mini ita da dattinta, ko ta huda ta da kanta.

Yarinyar ta tafi, Maman Rahila ta bi gorar da kallo. Gorunan ranar na kunun washegari ne, kuma autarta ce ke fara zaɓar tata kafin a fita da kular kunun. Ta goge basillar a zanenta ta miƙo mini. Na ce ta riƙe, ta ƙarasa buhun da ita. Daga ranar, ina rabo, tana sansana, ita ke hudawa. In ta tashi tafiya ta bar mini ita in kwana da ita, iyakar abin da ya rage mini kenan, kuma ban ji haushi ba.

An ce tun daga makon nan ta bar turare har ranar Lahadi, ta rabar da kwalabenta ga matan cocinsu. Ni ba ni da hanyar sani. 'Yarta Rahila ce ta gaya mini.

Hancina bai dawo ba har yau. Wata sa'a da safe nakan ɗauka na jiyo hayaƙin icce, in na natsu sai in ga tunawa ce kawai. Na saba. Gangunanku kuwa ku bar su inda suke, sun rage mini tonon ƙazanta, Allah ya yi muku albarka. Abu ɗaya nake roƙo: abin da ya taru a gangar gora, kada ruwa ya taɓa shi, kada a ba kowa kyauta, sai ya biyo ta gindin itacen nan tukuna. In kuna son ku koya, ku zo ranar da Maman Rahila take nan, ba turare, ba man shafawa mai ƙamshi. Na san wannan sharaɗin zai rage yawanku.

Ɗazu na ga kuna taɓa juna kuna murmushi da kuka ga ina cire murfi, ina matsa gora, ina kai ta wajen fuska. Kuna cewa a ranku tsohuwar nan da ta ce ba ta jin wari, wa take yaudara? Ba na jin komai, gaskiya ne. Amma kullum akwai idon da ke kallona a wurin nan, ko na mai shara sabuwa, ko naku. Ranar da ɗayarku ta ga na ɗauki gora na jefa ta ruwan wanki kai tsaye, za ta ɗauka haka ake yi.

Ke mai tabarau, matso. Karɓi wannan. Kada ki cusa hanci, riƙe ta nesa, matsa a hankali. Ki gaya mini abin da kika ji, don ni sai abin da kika faɗa.